Shan barasa lokacin juna biyu: majiyoyin masu bincike da abin da kowace ke iya nunawa

Ranar 9 ga watan Satumba ta kowace shekara, ƙungiyoyin kiwon lafiya a ƙasashe da dama kan tunatar da jama'a illar da barasa ke yi wa ɗan da ke cikin mahaifa. An fara kiyaye ranar a 1999, kuma an zaɓi tara ga watan tara ne saboda watanni tara na renon ciki. A irin wannan lokaci alƙaluma kan cika rediyo da jaridu: kashi kaza na mata masu juna biyu suna sha a ƙasa kaza. Abin da ba a cika bayyanawa ba shi ne inda bayanin ya fito. Babu mai bin mace gida yana lissafa abin da ta kai baki. Kusan duk abin da aka sani daga bakin matan ya fito, ko daga bakin masu kula da su, kuma amsar da mace za ta bayar tana canjawa gwargwadon wanda ya tambaye ta, da wurin da aka tambaye ta, da lokacin, da sunan da aka kira abin shan da shi. Wannan maƙala ta jera manyan majiyoyin da masu bincike ke amfani da su, ta kwatanta ƙarfin kowace da rauninta, domin amfanin ɗalibai, da ma'aikatan awon ciki, da ƴan jarida, da duk mai son ya auna labari kafin ya yarda da shi.

Abin da likitoci suka tabbatar

Barasar da uwa ta sha tana ratsa mabiyiya ta shiga jinin ɗan tayi, alhali hantarsa ba ta yi ƙwarin da za ta sarrafa ta ba. A 1968 wani likitan yara a birnin Nantes na Faransa, Paul Lemoine, ya wallafa abin da ya gani a jikin yara 127 da iyayensu ke shan barasa da yawa. Aikin bai samu kulawa sosai ba sai a 1973, lokacin da likitoci biyu a birnin Seattle na Amurka, Kenneth Jones da David Smith, suka bayyana irin alamomin nan a mujallar The Lancet suka kuma raɗa wa ciwon suna. A asibitocin ƙasashe masu amfani da Faransanci ana taƙaita sunan da haruffan SAF.

Alamominsa sun haɗa da ƙarancin girma, da gajeruwar tsagar ido, da siririn leɓen sama, da shafewar ɗan kwarmin da ke tsakanin hanci da leɓe, da naƙasa a ƙwaƙwalwa. Yara da yawa kuwa ba su da wata alama a fuska. Sai sun shiga makaranta ake lura da wahalar koyo, da mantuwa, da rashin natsuwa. Har yau ba a gano wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da ɗan tayi ba. Saboda haka tun 2007 Faransa ta wajabta sanya gargaɗi ga masu juna biyu a jikin kwalabe, kuma a 2016 manyan jami'an lafiya na Birtaniya suka ce abin da ya fi aminci shi ne a ƙaurace wa sha gaba ɗaya.

Ƙididdiga da jin ba'asi

Bincike iri biyu ne ake yi a wannan fanni. Na farko shi ne na ƙididdiga, mai amsa tambayar mata nawa ne ke sha. Misalinsa shi ne aikin da Svetlana Popova da abokan aikinta suka wallafa a 2017, wanda ya ƙiyasta cewa kashi 9.8 cikin 100 na mata a duniya suna shan barasa da ciki, kuma ana haihuwar yara kimanin 119,000 da cikakken ciwon a kowace shekara. A ƙiyasin nasu yankin Turai ne kan gaba da kashi 25.2, Afirka na da kashi 10, yankin gabashin Bahar Rum kuma kashi 0.2. Ƙasashen da ba a yi isasshen bincike a cikinsu ba, da lissafi aka cike gurbinsu.

Na biyu shi ne binciken jin ba'asi. Shi ba ya ƙirga kawuna. Yana zama da mutane kaɗan ya saurare su da kyau, domin ya gane dalilin shan, da wanda ya ba da shawarar a sha ko a bari, da abin da mace ta fahimta daga gargaɗin asibiti, da abin da ya hana ta neman taimako. Duk wani shiri na wayar da kai da aka yi ba tare da wannan sani ba, yakan zama wa'azi ga wadda ba ta wurin. Kuma da yake kayan aikin irin wannan bincike magana ce, darajarsa ta rataya a kan majiyar da maganar ta fito.

Hira da mace ita kaɗai

Wannan ita ce majiyar da aka fi amfani da ita. Mai bincike kan zauna da mace na tsawon rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya ko fiye, ya naɗi muryarta da izininta, daga baya ya rubuta duk abin da aka faɗa. Amfaninta shi ne ana iya bin zance har ƙarshensa. Idan ta ce ta ɗan taɓa a wajen biki, ana iya tambayar wane biki, a wata na nawa, wa ya miƙo mata. A nan ne ake jin abubuwan da takardar tambayoyi ba ta da gurbinsu, kamar dukan miji, ko baƙin cikin ɓari, ko cikin da ba a shirya masa ba.

Rauninta kunya ce da tsoro. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mace ta san amsar da ake so a ji daga bakinta. Lokacin da aka yi hirar ma yana da tasiri. A birnin Cleveland na Amurka, wani bincike da aka wallafa a 1988 ya sake tambayar iyaye mata kusan shekara biyar bayan haihuwa, sai da yawa suka ambaci sha fiye da abin da suka faɗa suna da cikin. A Detroit an samu irin haka da aka koma wa matan bayan shekara 14. Ana ganin idan yaro ya girma tsoron zargi yakan ragu. Sai dai tsawon lokaci na kawo mantuwa, kuma wani binciken na Detroit a 2002 ya samu cewa abin da matan suka faɗa lokacin cikin ya fi dacewa da abin da aka auna a jikin jariransu. Ke nan kowane lokaci da irin gaskiyar da yake fitarwa.

Akwai kuma makonnin farko, kafin mace ta san ta samu ciki. Mata da yawa daga ranar da suka gane suke fara lissafi. Wadda ta ce ba ta sha ba tun da ta samu ciki tana iya faɗin gaskiya a yadda ta fahimci tambayar, alhali ta sha a wata na farko da na biyu, lokacin da gaɓoɓin ɗan tayi ke haɗuwa.

Tsarin tambayoyi ma na taimakawa. A lardin Western Cape na Afirka ta Kudu, inda a da aka daɗe ana biyan ma'aikatan gonakin inabi wani ɓangare na ladansu da giya, Philip May da abokan aikinsa sun fara bincike a ƙarshen shekarun 1990, suka samu ciwon a jikin yara fiye da 40 cikin kowane 1,000 na ƴan aji ɗaya. Da za su yi hira da iyayen yaran, sai suka fara da lafiya da abinci, tambayar barasa ta shigo cikin jerin abin ci da abin sha na yau da kullum.

Hira nawa ce ta isa? A 2006 Greg Guest da abokan aikinsa sun duba hirarraki 60 da aka yi da mata a Gana da Najeriya a kan wani batu na lafiya mai nauyin faɗa, suka ga kusan duk manyan batutuwan sun riga sun fito a hira 12 na farko. Wannan ya shafi mata masu kama da juna a yanayin rayuwa. Idan aka haɗa ƴan birni da ƴan ƙauye, ko mabiya addinai daban-daban, kowane rukuni na buƙatar nasa adadin.

Tattaunawar rukuni

A nan ana tara mata shida zuwa goma, mai jagora ya jefa tambaya su tattauna a tsakaninsu. Wannan majiya ta fi kowace nuna abin da jama'a suka ɗauka daidai ne: wane abin sha ake ganin na masu ciki ne, me tsofaffi ke cewa, wace magana ake yi wa dariya. Gardamar da ke tashi tsakanin matan ita kanta bayani ce.

Mutum zai zaci babu mai tona sirrinsa a gaban jama'a, amma ba kullum haka yake ba. A wani gwaji da aka wallafa a 2017, an rarraba maza 350 a jihar North Carolina ta Amurka, wasu aka yi musu hira su kaɗai, wasu a rukuni, da tambayoyi iri ɗaya a kan neman magani. Hirar mutum ɗaya ta fi fitar da batutuwa masu yawa, amma wasu zantuka masu nauyi sun fi fitowa a rukuni, inda maganar wani ke buɗe bakin wani. Sharaɗin shi ne mahalarta su ji daidai suke da juna. A unguwar da kowa ya san kowa, kamar zangunan Hausawa a Kumasi ko Yawunde, mace ba za ta faɗi abin da zai riga ta isa gida ba. Idan aka zaunar da amarya da uwar mijinta, ko da kishiyarta, maganar babba kawai za a ji. Mai bincike na iya yin alƙawarin riƙe sirri, amma ba zai iya yin alƙawari a madadin sauran matan da ke zaune ba.

Katin awo da takardun asibiti

A ƙa'idojinta na 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ma'aikatan lafiya su tambayi kowace mai juna biyu game da barasa tun zuwanta na farko, su kuma maimaita a kowane awo. Akwai gajerun tambayoyi da aka tsara don haka. AUDIT na hukumar yana da tambaya goma, gajerensa AUDIT-C kuma uku. T-ACE, wanda Robert Sokol ya fitar a Detroit a 1989 musamman don masu ciki, yana da huɗu, kuma ta farkonsu ba ta tambayar ko mace na sha. Tana tambayar kofi nawa take sha kafin ta ji ya fara kama ta, domin irin wannan tambaya ba ta cika tayar da musu ba.

Amfanin takardun asibiti shi ne suna nan a ajiye, sun shafi mata da yawa, kuma an rubuta su lokacin da abin ke faruwa. Amma ga mai neman dalili, abin da ke cikinsu kaɗan ne: e ko a'a, ko gurbi da ba a cike ba. Gurbin da ba a cike ba kuwa ba ya nuna ko an yi tambayar an ce a'a, ko ba a yi ta ba sam. A ɗakin awon da mata ke layi, labule kawai ya raba mai amsa da mai jira, amsar a'a ce mafi sauƙi ga kowa. Matan da ba sa zuwa awo, ko masu zuwa a makare, ba sa cikin waɗannan takardu, kuma sau da yawa a cikinsu ne masu matsala mafi tsanani suke.

Abin da za a yi da rubutun ma yana shafar amsar. A jihar Wisconsin ta Amurka, wata doka ta ƙarshen shekarun 1990 ta ba kotu ikon tsare mai juna biyu saboda shan barasa ko ƙwaya. A Ingila, hukumar NICE ta kawo shawara a 2020 cewa a riƙa kwafe bayanin shan uwa zuwa takardun lafiyar ɗanta. Masu kare haƙƙin mata suka ce hakan zai sa mata su daina faɗin gaskiya ga ungozoma, kuma da ƙa'idar ta fito a watan Maris na 2022 babu wannan sashe a cikinta.

Ma'aikata, dangi da masu dafa giya

Masu bincike kan yi hira da ungozomomi da malaman asibiti. Su ne ke iya bayyana dalilin da ya sa ba a yin tambayar: ƙarancin lokaci, tsoron ɓata wa mace rai har ta daina zuwa awo, ko rashin wurin da za a tura ta idan ta amsa. Sai dai abin da suka faɗa game da matan zato ne na mai kallo, kuma ma'aikaci kan bayyana aikinsa yadda aka koya masa, ko da ba haka yake yi kullum ba.

Miji da uwar miji da ungozomar gargajiya su ma majiya ce, domin sau da yawa su ke yanke abin da mai ciki za ta ci ko ta sha. A yankinmu akwai wata majiyar da ba a cika zuwa wurinta ba, wato masu dafa giyar dawa. A Burkina Faso, da arewacin Gana, da arewacin Kamaru, da kudancin Cadi, wannan sana'a galibi a hannun mata take, kuma mai dafawa kan ɗanɗana don ta san ko ta yi. Mai binciken da ya zauna a irin wannan wuri na makonni zai ga abin da ba wanda zai tuna ya gaya masa: girman ƙoƙon da ake sha da shi, mutum nawa ke tarayya a ƙwarya ɗaya, ranakun kasuwa da na jana'iza da shan ke ƙaruwa. Gani ya kori ji, amma wannan hanya na cin lokaci, wuri ɗaya kawai take nunawa, kuma zuwan baƙo kan sa mutane su gyara zama. Mai sha a ɓoye cikin ɗakinta kuwa, ido ba ya kai wa gare ta.

Abin da mata ke rubutawa a intanet

A Turai da Amurka masu bincike sun fara nazarin abin da mata ke rubutawa da kansu a shafukan sada zumunta, sau da yawa da sunan aro. Ƙarfin wannan majiya shi ne babu mai tambaya, don haka babu fuskar da ake jin kunya. Ana ganin ainihin kalmomin matan, da fargabar wadda ta gano tana da ciki bayan ta sha, da yadda wasu ke kwantar mata da hankali ko su tsawata mata. Rauninta shi ne ba a san mai rubutun ba, ba a san shekarunta ko ƙasarta ba, kuma ba za a iya cewa ta ƙara bayani ba. Matan ba su ba da izini a yi nazarinsu ba, shi ya sa masu bincike na ƙwarai kan sauya lafazin kafin su wallafa, don kada a gano mai shi. A ƙasashenmu kuma yawancin irin wannan hira saƙon murya ce a rufaffun zaurukan WhatsApp, kuma matan karkara marasa waya ba sa ciki.

Gwajin jini da kashin jariri

Gwajin jiki ba ya cikin binciken jin ba'asi, amma shi ne ma'aunin da ake gwada maganar baki da shi. Wani sinadari da ake kira PEth yakan zauna a jini na mako biyu zuwa huɗu bayan sha. Wani mai suna EtG yakan yi ƴan kwanaki a fitsari, a gashi kuwa watanni. Baƙin kashin farko na jariri yana tara alamun barasar da uwa ta sha a watannin tsakiya da na ƙarshen ciki. A 2014 Shannon Lange da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi da hanyoyin biyu, suka samu cewa abin da gwajin kashin jariri ya nuna ya ninka abin da iyaye suka faɗa da baki fiye da sau huɗu.

Duk da haka gwaji ba ya faɗin dalili. Na kashin jariri ba ya ganin watannin farko, kowane gwaji yana iya kuskure, kuma yana da tsada. Idan aka yi shi ba da sanin uwa ba, an karya amanar da ake buƙata domin ta yi magana. Darasinsa ga mai jin ba'asi shi ne ya tuna cewa abin da aka gaya masa wani ɓangare ne na abin da ya faru.

Suna da ma'auni

Ko wace majiya aka zaɓa, kalma na iya lalata ta. Tambayoyin da aka tsara a Turai suna lissafi da kofi mai ƙayyadadden ma'auni: giram 10 na tsantsar barasa a Faransa, 8 a Birtaniya, 14 a Amurka. A kasuwanninmu da ƙoƙo ake awo, da murfin kwalba, da ƴar leda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2018 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na barasar da ake sha a duniya ba ta shiga lissafin hukuma, kuma ta gida tana cikin wannan kaso.

Sunayen ma da yawa: burukutu da pito a Najeriya da Gana, bil-bil a Kamaru, bili-bili a Cadi, dolo a Burkina Faso da Mali, cukutu a Benin da Togo, marisa a Sudan, ga kuma bammi. Ƙarfinsu na canjawa da tsawon lokacin da suka yi suna tsima. Akwai masu zafi da ake tatsowa daga tururi, irin su sodabi, da akpeteshi, da ogogoro, da arge, waɗanda kan kai ƙarfin wiski. Wani bincike da aka wallafa a 2012 a gundumar Bosomtwe ta jihar Ashanti a Gana ya samu cewa kusan mace ɗaya cikin biyar masu zuwa awo tana sha, kuma akpeteshi ne aka fi ambata. Idan tafinta ya juya kalmar Faransanci ko ta Ingilishi ya ce giya, mace na iya fahimtar ta kwalba kawai ake nufi. Wadda ke shan saiwoyin da aka jiƙa a barasa don laulayi ko ciwon mara, a wurinta magani ta sha. Hanyar da ta fi ita ce a ambaci kowane abin sha da sunansa, a nuna ƙoƙo ko kofi a ce wanne, sannan a yi hirar da harshen matar, a kuma rubuta ta da shi kafin a fassara.

Inda shan barasa haramun ne

Yawancin Hausawa Musulmi ne, kuma akasarin matansu ba sa shan barasa. Wannan gaskiya ce da alƙaluma ke nunawa a ƙasashen Musulmi. Amma ga ƴan kaɗan da ke sha, faɗin hakan na iya jawo saki, ko zubewar mutuncin dangi, ko hukunci. Sudan ta haramta barasa a 1983, sai a 2020 aka sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba. Jihohi 12 na arewacin Najeriya sun ɗauki dokokin shari'a tun daga 1999. A irin wannan yanayi, amsar a'a daga wadda ba ta taɓa sha ba da amsar a'a daga wadda ke tsoro kamarsu ɗaya a takarda.

Akwai kuskure biyu da ma'aikaci ko mai bincike zai iya yi. Ɗaya shi ne ya ga hijabi ya tsallake tambayar, sai wadda ke buƙatar taimako ta wuce ba a sani ba. Ɗayan shi ne ya zaɓi wasu mata ya tambaya saboda ƙabilarsu ko addininsu, sai tambayar ta zama zargi, ta kuma ƙara rura zaton da maƙwabta ke yi wa juna. Mafita ita ce a tambayi kowa, da lafazi ɗaya, a keɓe, a kuma faɗa tun farko cewa kowace mai awo ana yi mata wannan tambaya. Mai tambayar ta fi kyau ta kasance mace mai jin harshen, wadda ba ƴar unguwar ba.

Haɗa majiyoyi

Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya. Tun 1970 masanin zamantakewa Norman Denzin ya yi bayanin amfanin duba abu guda ta hanyoyi da dama, kuma wannan fanni na cikin waɗanda suka fi buƙatar haka. Hirar mutum ɗaya na ba da labarin rayuwa, rukuni na ba da al'ada, takardun asibiti na nuna abin da hukuma ta ji, zama a wuri na nuna ma'auni da yanayi, gwaji kuma na nuna girman abin da ba a faɗa ba. Idan majiyoyi biyu suka saɓa, saɓanin shi kansa sakamako ne. Matan da suka ce a rukuni mai ciki ba ta sha, sannan wasunsu suka ce a keɓe sun sha, sun nuna wa mai bincike tazarar da ke tsakanin abin da ake faɗa da abin da ake yi, kuma a wannan tazara ce aikin wayar da kai yake.

Kowace hanya aka bi, akwai haƙƙin matan. Dole a nemi yardarsu da harshen da suke ji, a gaya musu ƙin amsawa ba zai taɓa kulawar da ake ba su ba, a cire sunaye da duk abin da zai sa a gane su, a kuma tanadi wurin da za a tura wadda ta nemi taimako.

Tambayoyin da mai karatu zai yi

Idan aka ji rahoto a kan wannan batu, tambayoyi biyar sun isa a auna shi. Wa aka tambaya, wa kuma aka bari? Wa ya yi tambayar, a ina, da wane harshe? Da ciki aka tambaye su ko bayan haihuwa, kuma an haɗa da makonnin kafin su sani? An ambaci abubuwan sha na gida da sunayensu? An gwada amsar da wata majiya ta biyu? Binciken jin ba'asi da aka yi da mata 20 ba ya ba da kashi cikin ɗari na ƙasa, kuma duk rahoton da ya mayar da shi haka ya ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Ga mai juna biyu da ta riga ta sha kuwa, shawarar likitoci ita ce dainawa na da amfani a kowane wata na ciki, kuma gaya wa ungozoma ya fi ɓoyewa. Wadda ta saba sha da yawa kullum kada ta yanke lokaci ɗaya ita kaɗai, domin hakan na iya jawo karkarwa da jijjiga masu haɗari gare ta da ɗanta. Ta je asibiti a taimaka mata ta daina a ƙarƙashin kulawa.